Sin ko Chana: wa ya ce sunan Bature ne na gaskiya?

Akwai gardamar da ta ƙi mutuwa tsakanin masu rubutu da Hausa, 'yan jarida ne, masu fassara ne, ko mu 'yan bayan fage masu rubutu a Facebook, wai ƙasar nan da ke yi mana waya da atamfa da janareto, Sin za a kira ta ko China. Masu ra'ayin China hujjarsu a fili take, shi ne a jikin kwali, shi ne a bayan caja, yaro ya san shi babba ya san shi, Sin kuwa sai a bakin mai wa'azi ko gidan rediyon Beijin. Wannan hujjar ina iya zama in saurare ta. Wadda ba na iya haɗiyewa ita ce ta masu cewa wai China ne ainihin sunan, Sin ɗin Bahaushe ne ya lanƙwasa shi kamar yadda ya yi wa asibiti da sitiyari. Wannan kam ba haka ba ne ko kusa. Sin bai biyo ta bakin Bature ba sam, a rubuce ma ya girmi China ɗin Turawa da sama da shekara 600, sannan su masu ƙasar ba sa kiranta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa sunan ya samo asali daga wata masarauta da ake rubutawa Qin, amma a baki Cin ake faɗa, don harafin q a rubutun bokonsu kusan c ɗinmu ne. Masarautar tana can yamma, wajen da birnin Xi'an yake yanzu, wato ita ce a bakin ƙofa, duk baƙon da ya taho ta tudu daga yamma da su zai fara cin karo. Sarkinta ne ya cinye sauran masarautu 6 da yaƙi ya haɗe su wuri ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, shi ne mutumin nan da aka binne da dubban sojojin yumɓu waɗanda wasu manoma masu haƙar rijiya suka tono a 1974. Abin dariyar shi ne daular tasa ba ta wuce shekara 15 ba ta ruguje, daular Han da ta gaje ta kuwa ta yi wajen shekara 400, amma a waje sunan mai shekara 15 ɗin ne ya bi duniya. Akwai masanan da ke ja, suna cewa kalmar ta bayyana a tsofaffin littattafan Indiya ta yadda zai yiwu ta riga wannan sarkin, wasu su amsa musu da cewa ai masarautar Cin ta yi ɗaruruwan shekaru tana nan kafin ta haɗe ƙasar. Wannan rigimar malamai ce a bar musu kayansu. Abin da babu ja a kai shi ne mutanen Indiya suna cewa Cina, Farisawa suna cewa Cin, kuma daga nan sunan ya kama hanya.

Toh a nan ne Larabawa suka shigo. Larabci na littafi ba shi da sautin c, babu shi kawai, don haka idan kalma ta zo musu daga Farisa da wannan sautin sai su nemi na kusa, wani lokaci su sa shin wani lokaci su sa sad. Garin Cac, wato Tashkent ta yanzu, ya koma Shash, shi ya sa ɗalibai ke jin malami ana ce masa Ash-Shashi. Yankin Caganiyan ya koma Saganiyan, daga nan aka samu As-Sagani malamin lugga da hadisi. Haka Cin ya koma As-Sin da sad. Da ya iso gare mu kuma sai muka yi masa abin da muka saba yi wa sad, muka sassauta shi ya zama s, kamar a sadaka da sabulu da Masar. Yanzu ka duba wani abu, Bahaushe yana da c a bakinsa, yana cewa ciki, cokali, Cadi, da a ce daga bakin Bafarise ko Ba'indiye muka karɓi sunan da ƙasar Cin za mu riƙa cewa (da kuwa an sha barkwanci da ita). Wannan s ɗin da ke farkon Sin shi kaɗai ya isa shaida cewa ta hannun Larabawa ya zo mana, ta littafi, ta Sahara. Babu Bature ko ɗaya a wannan silsilar.

Kuma Larabawan ba jin labari kawai suka yi ba, sun je. A shekarar 851 miladiyya an rubuta wani littafin labaran Sin da Hindu daga bakin fataken teku, a ciki har da bayanin birnin Khanfu, wanda shi ne Guangzhou ɗin nan da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya yau, da bayanin wani ganye da Sinawa ke zubawa a ruwan zafi su sha, kaga shayi kenan tun Turai ba ta san da shi ba. A 1998 masunta suka gano wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya wajen shekara ta 830, maƙare da tangaran na Sin kusan guda 60,000. Wato kwantena ce ta wancan zamanin. Kayan ma sai suka riƙa tafiya da sunan ƙasar a jikinsu, Balarabe yana ce wa babban faranti siniyya, mutanen Suwahili suka karɓa suka ce siniya, Bafarise yana ce wa kirfa darcin wato itacen Sin, Ba'indiye har gobe yana ce wa farin suga cini, mutanen Holan suna kiran lemon zaƙi da sunan da ke nufin tuffar Sin, Baturen Ingila kuma ya ce wa tangaran ɗin kansa china. Saboda haka wannan abin da muke yi na cewa "ɗan Chana ne" ba mu muka fara ba, bambancin kawai a da idan an jingina kaya ga Sin yabo ne.

A ƙasar Hausa kusan kowa ta hanya ɗaya ya fara jin sunan, maganar nan ta a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne. Manyan malaman hadisi irin su Ibnul Jauzi sun ce ba ta inganta daga Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam ba, wannan a san da shi, amma ta riga ta zauna a bakin mutane. Abin da ke burge ni shi ne a Larabcin babu birni, Sin kawai aka ce, Bahaushe ne ya ƙara birni da kansa, don shi a saninsa ƙasa mai sarki da kasuwa da malamai dole ta zama birni mai ganuwa kamar Kano ko Katsina. Har ya zama ma'aunin nisa, mutum ya ce ko a birnin Sin kake sai na nemo ka. Kuma kada a ɗauka duniyar nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, Ibn Baɗɗuɗa da ya ba da labarin tashar Zaitun ta Sin wajen 1345, shi ne dai ya sauka a Takedda cikin ƙasar Nijar ta yanzu a 1353, har ya ambaci Gobir da Barno a cikin wuraren da ake kai jan ƙarfen garin. Mutum ɗaya, littafi ɗaya, ga Sin ga Gobir.

Shi kuwa China na Turawa jiya jiya ne. Girkawa da Rumawa na da suna da nasu sunayen, wanda ya biyo ta teku Tina ko Sinai, wanda ya biyo ta tudu Seres wato masu alharini, kuma ba su gane ƙasa ɗaya ba ce. Siffar China ɗin nan sai da 'yan Fotugal suka kama Malaka a 1511 suka ji fataken Malay da na Indiya suna cewa Cina sannan suka kwasa, wani ma'aikacinsu Duarte Barbosa ya rubuta ta wajen 1516, ta shiga Turancin Ingila a 1555 ta hanyar fassara. Ka auna da 851. Sannan shi wannan "ai" ɗin da ke tsakiyar Chaina matsalar bakin mutanen Ingila ce su kaɗai, su ne doguwar i ta juye musu ta koma ai. Ɗan Sifen Cina yake cewa, ɗan Italiya Cina, Bafaranshe Shin, shi ya sa 'yan uwanmu na Nijar da suka sha Faransanci za ka ji suna cewa Shinuwa, ɗan Suwidin yana rubuta Kina, Baturke Cin. Toh ina "sunan da duniya ta sani" yake a nan? Duniyar da ake nufi ita ce wadda Ingila ta mulka da wadda ke kallon finafinan Amurka, shikenan.

Wani babban yanki na duniya ma ba ya amfani da wannan tushen gaba ɗaya. Ka je Mosko ka ce Chaina, su Kitai suka sani. Haka Yukiren da Bulgeriya, haka Kazakistan da Uzbekistan da Mongoliya kowa da yadda ya murɗa shi. Wannan ya fito ne daga wata ƙabilar makiyaya mahaya dawaki da ake kira Kitan, waɗanda ba ma Sinawan Han ba ne, sun kafa daular Liao suka mallaki arewacin ƙasar daga farkon ƙarni na 10 har 1125, da aka kore su wani yarimansu ya gudu yamma ya kafa wata daular a tsakiyar Asiya, har ya karya rundunar Sultan Sanjar kusa da Samarkand a 1141, malaman tarihin Musulunci suna kiransu Al-Khiɗa. Duk wanda ke zaune a wannan hanyar ta tudu su ya sani a matsayin masu ƙasar, sai sunan ya manne. Yau babu wata al'umma da ake kira Kitan, sun narke cikin wasu, rubutunsu ma har yanzu masana ba su gama warware shi ba, amma Barashe idan zai ambaci ƙasar mutum sama da biliyan 1 da miliyan 400 sunan waɗannan makiyayan yake kira.

Wannan sunan ne matafiyin nan ɗan Italiya Marko Polo ya yaɗa a Turai a matsayin Katai, ya zama Cathay, wanda har yanzu yake jikin jiragen kamfanin Cathay Pacific na Hong Kong. Kuma a nan ne labarin ya fi daɗi, don Turawa sun ɗauki tsawon lokaci suna zaton Katai daban China daban. Kolumbus da ya tashi a 1492 Katai yake nema har da wasiƙa zuwa ga babban sarkinta. Daga baya ga 'yan Fotugal suna ciniki a gaɓar China, ga masu zana taswira suna ajiye wata Katai can sama da ita, 'yan Ingila suna kashe kuɗi suna mutuwa cikin ƙanƙara wajen neman hanyar zuwa ƙasar da tuni maƙwabtansu ke sayen tangaran a cikinta. Wani fada, wato limamin coci, ɗan Italiya da ke zaune a Sin, Matteo Ricci, ya rubuta wa 'yan uwansa cewa jama'a ƙasa ɗaya ce fa, waɗanda ke Indiya ba su gamsu ba, sai aka tashi wani Bento de Gois ya bar Agra a 1602, ya yi shigar ɗan kasuwar Armeniya da sunan Abdullahi, ya bi ayari ta Kabul da Yarkand, ya isa bakin iyakar Sin a ƙarshen 1605, ya tabbatar Katai ita ce China, ya rasu a can a 1607 bai koma gida ba. Mutum ya ba da ransa don a gane suna biyu na wuri ɗaya ne.

Su kuma masu ƙasar fa? Zhongguo suke cewa, a kunnenmu kamar Junggwo, ma'ana ƙasar tsakiya. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, an same ta a jikin wani kaskon tagulla na ƙarni na 11 kafin haihuwar Annabi Isa wanda aka tono a 1963, amma a lokacin tana nufin yankin tsakiya inda sarki yake ne kawai. Tsawon tarihi mutanen suna kiran kansu da sunan daular da ke mulki, mutanen Han, mutanen Tang, mutanen Ming, shi Ricci ɗin ma ya rubuta cewa Sinawan zamaninsa ba su taɓa jin sunayen da baƙi ke kiransu da su ba. Har a 1901 wani babban marubucinsu Liang Qichao yana kukan cewa abin kunya ne ƙasarsu ba ta da suna, sai sunan dauloli da sunan da baƙi suka laƙaba. Sai da aka kafa jamhuriya a 1912, sannan ta 'yan kwaminis a 1949, Zhongguo ya zauna daram a matsayin gajeren sunan ƙasa. Maƙwabtan da suka yi karatu da rubutunsu, Koriya da Biyetnam da Japan, wannan suke faɗa kowa da lafazinsa. Saboda haka duk mai son ya yi mana wa'azin "ainihin suna" toh bisimilla, ya fara rubuta Junggwo a kanun labarai mu gani ko akwai mai gane shi.

Kar a fahimce ni da cewa duk sunan da baƙo ya sa wa mutane halal ne har abada. Akwai inda nake tsayawa, kuma labarin Sin ɗin ma ya nuna wurin. Wannan Cina ta Indiya ta koma cikin rubutun Sinawa ta hanyar fassarar littattafan addinin Buda, Japanawa suka karanta ta Shina, kuma da farko ba zagi ba ce, ɗaliban Sin masu neman juyin juya hali a farkon ƙarni na 20 da kansu suna amfani da ita don ba sa son a kira su da sunan daular Qing da suke yaƙa. Amma da Japan ta fara mamaye ƙasar, aka yi kisan kiyashin Nanjing a 1937, kalmar ta zama ta bakin soja mai raina wanda ya taka, gwamnatin Sin ta nuna ƙin ta tun 1930, bayan yaƙi a 1946 aka sa Japan ta daina amfani da ita a hukumance. Zafinta bai huce ba, a 2016 wasu zaɓaɓɓun 'yan majalisar Hong Kong su 2 suka furta ta wajen rantsuwa, kujerunsu suka tafi. A Indunusiya ma haka, gwamnatin Suharto ta wajabta Cina a 1967 lokacin da ake takura wa 'yan ƙasar masu asalin Sin, sai a 2014 Shugaba Yudhoyono ya soke, aka koma Tiongkok. Ka lura tushen Shina da Cina da Sin da China duk ɗaya ne, haruffan ba su yi laifin komai ba, abin da aka aikata ana faɗarsu shi ne ya ɓata biyu ya bar biyu. Mu ai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, kalmar aboki tamu ce kuma babu mai kyau kamarta, amma duk ɗan Arewan da ya zauna a Legas ko Fatakwal ya san yadda ake jefa ta wani lokaci har ka ji kamar an watsa maka ruwan zafi. Barebari kuwa sun daɗe suna ce mana Afuno, ba mu kai ƙara ko'ina ba, mu ma muna da abin da muke ce musu.

Toh ma'aunina kenan, idan mutanen da ake kira sun ce sunan nan yana yi mana ciwo saboda abu kaza da ya faru, a saurare su. Shin Sinawa sun taɓa cewa Sin yana yi musu ciwo? Gidan rediyon gwamnatinsu ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kafin ma Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da su a 1971, kuma har yau "ƙasar Sin" suke cewa, su da kansu suka zaɓa. Ba wai ba su iya matsa wa duniya ba ne idan suna so, ai sun sa Turawa sun bar Peking sun koma Beijing. Wasu ƙasashen suna yi, Iran ta nemi a bar kiranta Fasha, wato Farisa, a 1935, Kwaddibuwa ta ce a daina fassara sunanta a tsakiyar shekarun 1980, Turkiyya ta kai takarda Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 don ta gaji da haɗa suna da talotalo a Turanci, mu a nan ko gezau don Turkiyya muke cewa tun asali, Turawa ne suka biyo mu a wannan karon. Sin ba ta nemi komai a wurinmu ba. Mu ne kawai muke jin kunyar kalmarmu ba tare da wani ya ce mana kanzil ba.

Yanzu bari in juyo kan 'yan ɓangarena, masu son Sin har suna yi wa mutane gyara a kasuwa, su ma ban goyi bayansu ba. Alhajin da ke Kantin Kwari wanda ya yi shekaru yana hawa jirgi zuwa Guangzhou da Yiwu, ya san otal ya san masana'anta ya san yadda ake ciniki da kalkuleta ba tare da an ji yaren juna ba, idan ya ce zai tafi Chana babu wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure, ya fi ni da kai sanin wurin. Chana ɗinsa ma ba China ɗin Bature ba ne, ya riga ya zama Bahaushe, ya haifi 'ya'ya, ɗan Chana, 'yar Chana, har ya samu ma'anar da babu ita a Turanci, tun zamanin wayoyin nan masu layi biyu da eriya da sifika mai tashin unguwa. Yau idan aka ce wa abu ɗan Chana an san me ake nufi, ko da kuwa wasu daga cikin wayoyi mafi tsada a kasuwar waya ta Farm Centre su ma a can aka haɗa su, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da matatar man Damagaram ma su suka gina. Abin da ya faru da mu shi ne abin da ya faru da Turawan da, suna biyu sun iso ta hanya biyu, ɗaya ta Sahara a cikin littafi ɗaya ta teku a cikin kwantena, kuma ba zan yi mamaki ba idan aka samu yaron da ya ɗauka birnin Sin na wa'azi wani wuri ne daban da inda ake ƙera cajarsa. Maganin wannan a gaya masa ne, jimla ɗaya ta isa, ba wai a kashe ɗaya sunan ba.

Inda nake da magana shi ne rubutu, labarai, littafin makaranta, fassarar hukuma. A nan ne ake yanke wa kalma hukuncin rayuwa ko mutuwa, kuma a nan ne nake ganin lalaci ake kira zamani. Labari ya zo da Turanci, mai fassara yana sauri, ya juya komai ya bar sunan ƙasar yadda ya gan shi, gobe ma haka, bayan shekara 10 sai a ce ai mutane ba su san Sin ba, alhali wa ya hana su sani? Ana cewa wai idan ka rubuta Sin masu bincike a intanet ba za su samu labarinka ba, toh ai na'urar abin da muka zuba mata take koya, idan manyan kafafen Hausa suka riƙe Sin ita ma za ta riƙe. Wasu kuma su ce Sin ya zama kamar tambarin gidan rediyon gwamnatinsu, duk mai faɗarsa kamar yana yi musu talla ne. Wannan ya fi ba ni haushi, kalmar da kakanninmu ke faɗa tun ba a ƙirƙiro rediyo ba za mu bar wa wata tasha don ta riga mu daraja ta? Kana iya rubuta Sin ka kuma soki bashin da take ɗora wa ƙasashen Afirka, ko yadda atamfarta ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, ko abin da ake yi wa Musulmin Uigur, sunan bai hana ka komai ba.

Kuma ba Sin kaɗai ba ce a layin, ka saurari masu sharhin ƙwallo lokacin gasar Afirka, Masar ta fara komawa Ijif, Habasha ta koma Itofiya, saura kaɗan a ce mana Jamani maimakon Jamus. Na Habasha ma da sauƙi, akwai abin dubawa, don akwai al'ummomi a ƙasar da ba sa ɗaukar kansu Habashawa, wannan irin hujjar ce nake cewa a saurara. Amma Masar fa? Misr ko Masr su Misrawan suke cewa da bakinsu, sunan yana cikin Alƙur'ani, na Turawan ne ya biyo ta Girka, a nan mu ne muke kan sunan masu gida amma duk da haka yaranmu suna ganin Ijif ne na wayayyu. Wannan kaɗai ya nuna maka maganar ba ta neman daidai ba ce, abin da ya fito daga Turanci ne kawai ake ɗauka shi ne asali.

Sannan akwai aikin da Sin ke yi a cikin jimla wanda China ba ya iyawa. Basine, Basiniya, Sinawa, Sinanci, duk sun zauna lafiya kamar Balarabe da Larabawa da Larabci. Ɗaya ɓangaren kuwa har yau ba su ma daidaita kan rubutun ba, wani China, wani Chaina, wani Caina, wani Chana, in aka zo harshen sai ka ga an rubuta yaren China ko a ɗauko kalmar Turancin ɗungurungum a dasa. Abin da nake roƙon editoci da malaman makaranta bai da yawa, a rubuta Sin, idan ana tsoron wani ba zai gane ba a farkon labarin a ce Sin wato Chana sau ɗaya, daga nan a ci gaba da Sin har ƙarshe, a kanun labari ma ta fi gajarta, harafi 3 ne kacal.